Keken Tsere ko Mai Faɗin Taya: Hanyoyin Dogon Dutsi da Tibiri Ne Za Su Yanke Hukunci

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya sauya a garuruwan Nijar na bakin iyaka. Man kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a gefen hanya, wanda ya daɗe yana riƙe da babura a ƙasar Arewa ta jihar Doso, ya daina zama abin araha, sannan rufe iyakoki da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin shekarar ya ƙara wa kayan gyara tsada. Malamin makarantar da ke kwana a Dogon Dutsi yana koyarwa a ƙauye, da ɗan kwalejin da ke fitowa daga rugar su zuwa Matankari ko Gesheme, da ma'aikacin lafiyar da ke zagaya ƙauyukan Dumega, da mai lambun da ke kai dankalin turawa kasuwa, kowannensu yana da dalilin da zai sake duban keke da idon basira. Keke ba ya shan mai, ba ya neman takardu masu yawa, gyaransa kuma bai fi ƙarfin talaka ba. Sai dai wanda ya yanke shawarar sayen keke bai gama da tambaya ba, domin kekunan gwanjo da ke shigowa daga Turai ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya fi ɗaukar ido a cikinsu sau da yawa shi ne wanda ya fi rashin dacewa da ƙasar da za a hau shi a kanta.

A cikin irin waɗannan kekuna akwai guda biyu da suke kama da juna har mai saye ya ɗauka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Dukansu marasa nauyi ne, dukansu suna da kai mai lanƙwasa zuwa ƙasa, dukansu suna da giya. Na farko shi ne keken tseren kwalta, mai siririyar taya sumul wadda faɗinta yakan tsaya tsakanin milimita 23 da 28. Na biyu shi ne wanda Turawa suke kira siklokuros, keken tseren laka da ciyawa da yashi, mai taya mai ƙuraje wadda faɗinta ya haura milimita 30, da sarari tsakanin tayar da gangar jikin keken. Ra'ayina shi ne, ga mai zuwa aiki ko makaranta kullum a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, na biyun ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Dalilin kuwa ƙa'ida ɗaya ce wadda ta shafi kowane irin keke: mutum ya zaɓi abin hawansa bisa ga wuri mafi muni a hanyarsa ta kullum, da kuma abin da mai gyaran keken garinsu yake iya gyarawa. Wuri mafi kyau a hanya kowane keke yana iya wuce shi. Wuri mafi muni ne yake yanke ko za ka isa a kan sirdi ko za ka isa kana turawa.

Tarihin kekunan biyu ya isa ya nuna abin da aka ƙera kowanne dominsa. Keken tseren kwalta ya girma ne tare da manyan gasanni irin su zagayen Faransa da aka fara a 1903, inda buƙata ɗaya ce, wato gudu. Duk abin da ba ya ƙara gudu an cire shi: babu kariyar ɗaukar kaya, babu marfin da ke tare laka, babu jingina, taya kuma an siranta ta an cika ta da iska har ta yi tauri. A manyan gasanni mota tana biye da ɗan tsere ɗauke da tayoyi da makaniki. Shi kuwa siklokuros a Faransa ya samo asali a farkon ƙarni na 20, lokacin da 'yan tsere suke ratsa gonaki da dazuzzuka a cikin hunturu don kada jikinsu ya mutu. An yi gasar ƙasa ta farko a Faransa a 1902, aka yi ta duniya ta farko a birnin Paris a 1950, a yau kuma Beljiyam da Holan ne cibiyar wasan. Gasar takan ɗauki kimanin sa'a ɗaya a kan zagayen da bai wuce kilomita uku da rabi ba, cikin taɓo da ciyawa da rairayi da hawa da gangara. Saboda haka aka faɗaɗa tayarsa, aka buɗe sararin da take juyawa a ciki don laka kada ta toshe ta, aka sassauta giyarsa, aka ƙarfafa gargarensa. Ɗaya an yi shi ne don hanya mai santsi, ɗayan don inda hanya ta ƙare.

To wace irin ƙasa muke magana a kanta? Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso ta nufi Birnin Ƙonni da Maradi, ta ratsa Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, kuma ita ce kwaltar da kowa ya sani. Amma yankin ya shimfiɗu ne a cikin Dallol Mauri, tsohon kwarin da ruwa ya daina gudu a cikinsa tun zamanin da, ya bar ƙasa mai yashi a tsakiya da tuddan marmara a gefe, irin waɗanda suka ba garin Dogon Dutsi sunansa. Gundumar Dogon Dutsi ta haɗa da Matankari da Dankasari da Kiyeshe da Dogon Kirya da Sukukutan, ita kuma Tibiri, wadda aka yanke ta ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ta ƙunshi Dumega da Gesheme da Kore Mairuwa. Mafi yawan mutanen waɗannan wurare a ƙauyuka suke, kuma abin da ke haɗa ƙauye da ƙauye shi ne burji mai gargada, ko sawun amalanke a cikin jigawa, ko turbar ƙafa tsakanin gonakin gero. Wanda zai je Lugu, garin Sarauniya Mangu, ko Bagaji, ya san inda kwalta take rabuwa da shi. Ko a cikin garin Dogon Dutsi, da zarar ka sauka daga babbar hanya ka shiga unguwa, yashi ne zai tarbe ka, da damina kuma ruwan da ke gangarowa daga duwatsu yakan yanka lunguna ya bar kwazazzabai.

A kan irin wannan ƙasa faɗin taya da yawan iskar cikinta su ne komai, kuma lissafin ba mai wuya ba ne. Nauyin mahayi da kekensa yana sauka ne a kan ɗan wurin da tayoyi biyu suka taɓa ƙasa, girman wannan wurin kuma ya dogara ga ƙarfin iskar da ke cikin tayar. Siririyar tayar tsere tana buƙatar iska mai ƙarfin bar 6 zuwa 8, in ba haka ba gargare zai daki dutse ya tsinke tib. Idan mutum da kekensa sun kai kilo 80, iska kuma tana bar 7, duk nauyin nan yana kan fili ne da bai fi santimita murabba'i 11 ko 12 ba. Faffaɗar taya tana iya tafiya da bar 3, sai filin ya kai kusan santimita murabba'i 27, wato ya ninka fiye da sau biyu. Abin da ya sa raƙumi yake takawa a kan rairayi da faffaɗan tafinsa inda kofaton jaki yake nutsewa ke nan. Siririyar taya tana yanka yashi ta shige, gaban keke ya karkace, mahayi ya sauka ko ya faɗi. A kan burji mai gargada kuma tauriyar taya ba ta shanye girgiza, sai ta miƙa ta ga hannu da baya da kusoshin keken. Abin lura, su kansu ƙwararrun 'yan tsere sun bar tayar milimita 23 da suka daɗe a kanta sun koma 28 zuwa sama, a gasar Paris zuwa Rube kuwa, wadda ake bi ta kan daɓen duwatsu, suna hawa da milimita 30 ko 32. Sun gane cewa a kan hanya mai gargada faffaɗar taya ba ta rage gudu, ƙara shi take yi.

Bayan yashi sai ƙaya, ita kuma tana da lokacinta. Ana buɗe makarantu a Nijar a watan Oktoba, daidai lokacin da damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe, tsidau da ƙarangiya suka zubar da 'ya'yansu a kan kowace turba. Tsidau musamman ya yi suna a duniya wajen huda tayar keke, domin ko ta yaya ƙwayarsa ta faɗi sai tsini ɗaya ya dubi sama. Ga kuma ƙayar aduwa da ta gawo da ta bagaruwa, waɗanda makiyaya suke sassaro rassansu don dabbobi, manoma kuma suke jan su don shinge, guntayen su watsu a hanya. Tayar tsere an yi ta da siririyar roba da gangan don ta yi sauƙi, iskar da ta cika ta kuma ta ɗaure ta tamau, saboda haka tsini yana samun ta a shirye. Taya mai kaurin roba da ƙuraje, wadda iskarta take da sassauci, ba ta fi ƙarfin ƙaya ba, amma tana tsallake da yawa daga abin da zai tsayar da 'yar'uwarta. Ga ɗan makarantar da ake rufe ƙofa da ƙarfe takwas, ko malamin da aji yake jiransa, bambanci tsakanin faci sau ɗaya a wata da faci kowane mako ba ƙaramin abu ba ne, a aljihu da kuma a idon shugaban makaranta.

Hujjar farko da masu son keken tsere suke kawowa ita ce gudu, kuma gaskiya ce a kan kwalta mai kyau ya fi sauri. Amma a auna ribar a gani. A ɗauka tafiyar kilomita 10 ce, tara a kan kwalta, ɗaya a cikin yashi tsakanin gida da bakin hanya. A ba keken tsere kilomita 24 a sa'a a kan kwalta, a ba mai faɗin taya 20, wanda ma an yi wa na tseren adalci fiye da kima. Na farko zai cinye kwaltar cikin minti 22 da rabi, na biyu cikin minti 27. Sai a zo yashi: mai siririyar taya zai sauka ya tura, kilomita ɗaya a tafiyar ƙafa da keke a hannu minti 15 ne, shi kuwa ɗayan zai lallaɓa a kan sirdi cikin minti 6. Jimilla, keken tsere ya ci kusan minti 38, mai faɗin taya 33. Sauri ya haifi nawa. Ƙari a kan haka, siffar keken tsere an yi ta ne don yanka iska, ita kuwa iska ba ta zama babbar abokiyar gaba sai gudu ya haura kilomita 20 a sa'a. Mai zuwa aiki da jakar littattafai a baya, cikin zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ba ya yin irin wannan gudun, kuma ba ya son ya isa ofis jiƙe da gumi.

Wani zai ce, to ni gidana a bakin kwalta yake a Kore Mairuwa, wurin aikina ma a bakin kwalta, me zai hana ni keken tsere? Wannan shi ne mutumin da hujjarsa ta fi ƙarfi, amma ko shi akwai abin da ya kamata ya tuna. Hanya mai lamba ɗaya ita ce jijiyar ƙasar, manyan motocin kaya da tankokin mai da bas-bas na dogon zango duk a kanta suke, kuma ba a ware wa keke layi ba. Idan babbar mota ta taho a baya wata kuma ta taho a gaba, mai keke ba shi da zaɓi sai ya sauka gefen hanya, inda bakin kwalta yake da gaɓa, ƙasa kuma tsakuwa ce da yashi. A daidai wannan lokacin, da gudu, siririyar taya mai tauri ce ta fi saurin zamewa, faɗuwa kuma a gefen babbar mota ba ta da gyara. Akwai kuma wata hujja da ta rufe maganar. Keken siklokuros da na tsere girman gargarensu ɗaya ne, saboda haka mai siklokuros in ya ga dama yana iya cire taya mai ƙuraje ya sa mai sumul, ya samu kusan duk gudun da yake nema. Mai keken tsere ba shi da wannan damar, domin gangar jikin kekensa da birkinsa sun matse tayar, musamman tsofaffin ƙira da suka fi yawa a gwanjo, ba za su karɓi faffaɗa ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa bai san inda za a tura shi baɗi ba.

Hujja ta biyu ta fito ne daga ɗaya ɓangaren, kuma dole a amsa ta da gaskiya: ai shi ma siklokuros ɗin yashin Dallol yana kayar da shi. Haka ne. Dokar hukumar tseren keke ta duniya ta ƙayyade faɗin tayarsa a gasa kada ya wuce milimita 33, kuma a garin Koksijde na gaɓar tekun Beljiyam, inda ake yin gasar a kan tuddan rairayi, ana ganin zakarun duniya suna sauka su saɓa keke a kafaɗa su ruga da ƙafa. Babu keke mai siririn jiki da zai ratsa zurfin jigawa a tsakiyar rani. Amma hanyoyinmu ba zurfin yashi ba ne daga farko har ƙarshe. Gauraye suke: fako mai tauri, burji, yashi mara zurfi a kan ƙasa mai ƙarfi, sai wuraren da korama ta ratsa ta tara rairayi. Tayar milimita 33 zuwa 40 tana wuce uku na farko, ta sauke mahayi a na huɗu kaɗai, siririya kuwa tun a na biyu take fara gardama. Dokar milimita 33 ma ta gasa ce, ba ta shafi mai zuwa aiki ba, kuma kekunan siklokuros da yawa suna da sararin ɗaukar taya da ta fi haka. Abin da mai saye zai duba shi ne ko yatsansa yana shiga tsakanin taya da ƙarfen keken a kowane gefe. In yana shiga da sauran wuri, keken yana da makoma a nan.

Sannan keke a ƙasar Arewa ba na mutum ɗaya da jikinsa kaɗai ba ne. Yau littattafai ne, gobe jarkar ruwa, jibi tiyar gero zuwa injin niƙa ko ƙani da za a ajiye a makarantar allo. Keken tsere na asali ba shi da ramukan da ake ɗaura kariya, gargarensa kuma yana da wayoyi kaɗan, wasu 20 ko 24, waɗanda ba a yi su don kaya ba. Kekunan siklokuros da aka ƙera don talakawan Turai masu zuwa aiki sukan zo da ramukan kariya da na marfin taya, da wayoyi 32 ko 36, amma waɗanda aka ƙera don gasa zalla ba su da su, don haka sunan kaɗai ba ya wadatarwa, sai an duba. Giya ma tana da magana. Babban faifan gaba na keken tsere yakan kasance mai haƙora 50 zuwa 53, na siklokuros kuwa yakan tsaya a 46, abin da ke sauƙaƙa taka feda a hawan tudun marmara ko a fuskantar iskar hunturu. Akwai kuma aibin da dukansu biyu suka yi tarayya a kai: lanƙwasasshen kai yana sunkuyar da mahayi, sandar tsakiya kuma tana da tsawo, abin da bai dace da mai babbar riga ba, balle yarinya mai zane da hijabi. Kan keke ana iya canza shi da miƙaƙƙe, amma sandar tsakiya ba ta canzuwa.

Hujja mafi nauyi a kan ra'ayina ita ce ta kayan gyara, kuma ba ta da amsa mai sauƙi. Gargaren kekunan nan biyu faɗinsa milimita 622 ne. Na tsohon baƙin keke, irin su Raleigh da Phoenix, milimita 635 ne, na keken hawan dutse mai inci 26 kuma 559. Abin da ke ruɗa mutane shi ne tayar 622 da ta 635 duka akan rubuta musu inci 28, alhali ɗaya ba ta hawa gargaren ɗaya. Mai faci a kasuwar ƙauye abin da ya fi ajiyewa shi ne tayar baƙin keke da ta inci 26. Bawul ma daban ne: kekunan tsere suna zuwa da siririn bawul wanda famfon da aka saba da shi ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi. Ga sarƙa siririya ta giya 10 ko 11 wadda ƙurar hunturu take ci da wuri, ga hannun giya da aka haɗe da na birki wanda in ya lalace sai dai a jefar, ga birkin mai wanda ba kowane makaniki ya taɓa buɗe shi ba. Gangar jikin kabon in ta tsage ta gama aiki, ta alminiyam sai mai walda na musamman, ta ƙarfe ce kaɗai kowane mai walda yake iya ɗinkewa. Wannan hujja ba ta ceci keken tsere ba, domin duk matsalolin nan nasa ne, har ya fi. Abin da ta yi shi ne ta gindaya wa siklokuros sharaɗi: mai jikin ƙarfe ko alminiyam mai kauri, giya 7 ko 8, birkin waya, kuma a sayi tayoyi da tib na ajiya tun ranar da aka sayi keken.

Daga nan mai hankali zai tambaya, in haka ne me ya sa ba za a tsaya a kan baƙin keken kakanni ba, ko keken hawan dutse? Ba na jin kunyar cewa ga mutane da yawa su ne amsar, kuma wannan bai rushe abin da nake faɗa ba, ƙarfafa shi ya yi. Baƙin keke ya yi shekara da shekaru yana aiki a ƙasar Hausa saboda ya cika ƙa'idar nan tun kafin a rubuta ta: tayarsa ta kai kusan milimita 40, jikinsa ƙarfe ne, kariyarsa tana ɗaukar buhu, kowane gari kuma akwai mai gyaransa. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta zauna ta ƙera keke don karkarar Zambiya da Kenya da Zimbabuwe da Malawi, abin da ta fito da shi, mai suna Buffalo, jikan baƙin keke ne: nauyinsa ya haura kilo 20, kariyarsa tana ɗaukar kilo 100. Aibin baƙin keke nauyi ne da rashin giya, wanda mai tafiyar kilomita 15 safe da yamma yake ji a gwiwarsa. Keken hawan dutse mai inci 26, da tayarsa ta milimita 50 zuwa sama, shi ne gwanin yashi, amma yana da jan jiki a doguwar kwalta. Matsayin siklokuros a tsakiya yake: na wanda tafiyarsa take da nisa, rabi kwalta rabi burji, kayansa kuma ba su fi jaka da 'yar jarka ba. Keken tseren kwalta ne kaɗai a cikin huɗun nan ba shi da gurbi a rayuwar yau da kullum ta wannan yanki.

Me ya sa duk da haka yake jan hankalin samari? Saboda kyansa, da rashin nauyinsa in an ɗaga shi da hannu ɗaya, da sunan da ke rubuce a jikinsa. Wasan tseren keke ma abin so ne, kuma maƙwabciyarmu Burkina Faso ta nuna abin da ake iya yi da shi, da zagayen Faso da take shiryawa tun 1987. Saurayin da yake son ya zama ɗan tsere ya sayi keken tsere, ya yi atisaye a kan kwalta da sassafe kafin manyan motoci su yi yawa, babu mai ganin laifinsa. Kuskuren shi ne a ɗauki kayan wasa a ɗora masa aikin jaki. Uban da zai fitar da kuɗin da ya tara daga wake ko gyaɗa ya saya wa ɗansa keke yana sayen shekara huɗu ne na zuwa kwaleji, saboda haka farashin gaskiya ba wanda dillali ya faɗa ba ne kaɗai, har da kuɗin faci da taya da sarƙa da kwanakin da keken zai yi a jingine yana jiran wani abu daga Yamai ko Sakkwato. Keken gwanjo kuma tsoho ne ko da fentinsa yana ƙyalli. A juya gargare a ga ko yana rawa, a girgiza feda a ji ko boris ya ci, a duba mahaɗan ƙarfe ko akwai tsaga. Mafi alheri, a tafi kasuwa da mai gyaran keken unguwa, domin shi zai zauna da keken bayan dillali ya tafi.

Maganar ba ta tsaya a aljihun mutum ɗaya ba. Nisa tsakanin ƙauye da kwaleji yana daga cikin abubuwan da ke raba yara da karatu bayan firamare, musamman 'yan mata, waɗanda iyaye ba sa son su kwana a gidan wani a gari. A jihar Bihar ta Indiya gwamnati ta fara ba 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke a 2006, kuma binciken masana tattalin arziki Karthik Muralidharan da Nishith Prakash ya nuna shirin ya ƙara yawan 'yan matan da ke shiga sakandare a kan lokaci da kashi 32 cikin ɗari. Kekunan da aka saya ba na tsere ba ne, na talaka ne masu ƙarfi waɗanda ake gyarawa a kowane ƙauye. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin iyaye da 'yan Arewa mazauna waje da abokan hulɗa na Turai, irin garin Orsay na Faransa da ya daɗe yana ƙawance da Dogon Dutsi, duk wanda zai tara kekuna don 'yan makaranta ya kamata ya fara da tambayar hanya da tambayar gyara. Kwantenar da aka cika da duk abin da Bature ya gaji da shi tana iya zama tarin ƙarfe a bayan aji cikin shekara guda. Gara keke 50 iri ɗaya, masu faɗin taya da saukakkiyar sanda, tare da akwatin kayan gyara da matashi ɗaya da aka koya wa aikin, da keke 200 da kowanne yake neman tayarsa daban.

Saura masu cewa ai ana ta shimfiɗa kwalta, nan gaba keken tsere zai samu filinsa. Allah ya sa. Amma kwalta tana haɗa manyan garuruwa ne, ba ta zuwa ƙofar kowane gida, kuma keken da za a saya bana ba zai jira ta ba. Saboda haka kafin mutum ya taya keke, ya bi hanyarsa ta kullum a zuciyarsa ya tsaya a inda ta fi wuya, ya tambayi kansa ko wannan tayar za ta wuce wurin a watan Maris da kuma a watan Agusta. Sannan ya je wurin mai faci ya tambaye shi ko yana da taya da tib na wannan gargaren. In zurfin yashi ya fi yawa, ya ɗauki mai inci 26. In kaya ne aikinsa, baƙin keke bai tsufa ba. In tafiyar mai nisa ce a kan kwalta da burji, kuma zaɓin ya rage tsakanin waɗannan biyu masu lanƙwasasshen kai, ya ɗauki siklokuros mai jikin ƙarfe, ya sa masa taya mafi faɗi da zai iya ɗauka, ya bar keken tseren ga masu tsere.